Tafi da Bulala: Abin da Su Ke Koya wa Yaro

Ina so mu yi magana a kan abu biyu waɗanda kowane ɗayanmu zai tarar a aji ran da ya fita gwajin koyarwa, ko ya so ko ya ƙi. Na ɗaya tafi ne, watau sa'ad da malami ya ce, "Ku tafa masa!" Na biyu kuwa ita ce bulalar nan da ke kwance a kan tebur kusa da alli. Dukanmu an yi mana tafi, galibinmu kuma mun sha bulala, saboda haka muna tsammani mun san aikinsu sarai. Mu kan ce tafi yana sa himma, bulala tana korar lalaci. Amma masanan halin ɗan Adam sun yi fiye da shekara ɗari suna auna wannan al'amari da karnuka, da kyanwoyi, da tantabaru, da yara, abin da suka gano kuwa ya fi haka wuyar sha'ani. Lada da hukunci suna koyarwa ƙwarai, babu shakka. Sai dai su kan manne wa abin da ya zo dab da su, ko da ba shi ne malami ya nufa ba.

Bari mu soma da karnukan Ivan Pavlov, mutumin Rasha, wanda ya yi aikinsa a birnin St. Petersburg. Shi ba malamin makaranta ba ne. Yadda ciki ke narka abinci ya ke bincike, a kan wannan ne ma aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Ya kan yi wa kare ɗan aiki a kumatu yadda miyau zai riƙa ɗigowa waje a ƙidaya shi. Ana cikin haka sai aka lura karnukan suna dalalar da miyau tun abinci bai shiga bakinsu ba, da ganin mai kawo abincin ko da jin motsin ƙafarsa. Wani da sai ya ce wannan ɓata aiki ne. Pavlov kuwa ya mai da shi abin bincike. Ya ɗauko wani ɗan abu mai ƙwas-ƙwas kamar agogo, irin wanda makaɗan Turai ke auna kiɗa da shi. Ya kan kunna shi, sa'an nan ya ba kare abinci. Da aka maimaita haka sau da yawa, sai ƙarar kaɗai ta isa ta kawo miyau. In kuma aka yi ta kunna ƙarar ba abinci, miyau ya kan ragu har ya ɗauke. Amma in aka bar karen ya huta, aka sake kunnawa, sai ga miyau ya ɗan komo. Ashe sabon ba ya mutuwa sarai, kwanciya ya ke yi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowa ya ga yadda kaji ke sheƙowa a guje da jin an fara daka a turmi, tun ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Babu wanda ya zaunar da kaza ya yi mata bayani. Ƙarar taɓarya da tsaba sun yi ta zuwa tare, har ɗaya ta zama alamar ɗaya.

To, abin da ya shafe mu shi ne, tsoro ma ta wannan hanya ya ke shiga. A 1920, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Watson da Rosalie Rayner suka gwada abin a kan wani jariri mai wata 11 wanda suka kira Albert. Da fari yaron ba ya tsoron farin ɓera, har hannu ya ke miƙa masa. Sai suka riƙa buga ƙarfe da guduma a bayan kansa duk sa'ad da aka kawo ɓeran. Sau bakwai kaɗai aka yi haka, yaron ya koma da ganin ɓera sai kuka. Ba a nan abin ya tsaya ba, gama ya tsorata da zomo, har da rigar gashi. An kuwa tafi da shi daga asibitin ba tare da an cire masa tsoron ba. Yaro ɗaya ne tak, ba a kafa doka da yaro ɗaya, kuma yau babu jami'ar da za ta yarda a yi wa ɗan mutane haka. Duk da haka gwaje-gwaje masu yawa na baya sun tabbatar da tushen maganar, iyayenmu ma sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yanzu mu kawo wannan cikin aji. Malami ya tsai da yaro, ya ce, "Bakwai sau takwas?" Yaro ya yi kuskure, bulala ta sauka. Gobe haka, jibi haka. A zuciyar malami ya haɗa bulala da kuskure ne. Amma me ke gaban yaron sa'ad da zafin ya zo? Allo ne, da lambobi, da muryar malami, da idanun 'yan aji. Waɗannan su ne farin ɓeransa. A makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa bara akwai wata yarinya 'yar aji huɗu wadda ke sai da gyaɗa a bakin hanya bayan an tashi. Na sayi gyaɗa a hannunta, ta ba ni canjina daidai tun ban gama lissafawa a kaina ba. Amma in aka rubuta irin wannan lissafin a allo aka kira sunanta, sai ta miƙe ta sunkuyar da kai, hannunta yana rawa, ko kalma ba ta fita. An ce mini daƙiƙiya ce a lissafi. Ni dai abin da na gani, lissafin kasuwa yana zuwa mata da ciniki, na allo kuwa ya saba zuwa da duka.

Akwai hanya ta biyu ta sabo, ita ce ma ta fi yawa a aikinmu. A wadda ta gabata abu biyu ne ke zuwa tare, dabba ba ta yi kome ba. A wannan kuwa dabbar ce ke yin wani abu, sa'an nan sakamako ya biyo baya. Edward Thorndike, wanda daga baya ya daɗe yana koyarwa a wata kwalejin horon malamai a New York, ya buga labarin gwajinsa a 1898. Ya kan sa kyanwa mai jin yunwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje inda ta ke gani. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an ja wani kirtani ko an danna wani ɗan katako. Kyanwa ta yi ta yaƙushi, ta yi ta cizo, ta tura kai nan ta tura can, har bisa tsautsayi ta taɓa abin, ƙofa ta buɗe. In aka mai da ita ba ta zuwa kai tsaye wurin kirtanin kamar wadda ta gane dabarar. Haukan ta ke sake yi, sai dai ya kan ragu kaɗan kaɗan, har a ƙarshe da an sa ta sai ta ja ta fita. Daga nan Thorndike ya fid da ƙa'idarsa, cewa aikin da daɗi ya biyo bayansa ya kan ƙara ƙarfi, wanda wuya ta biyo bayansa ya kan raunana. A 1932 kuma, bayan ya yi gwaji da mutane, ya gyara rabin maganarsa da kansa. Ya ce ƙarfin da lada ke ƙara wa aiki ya fi raunin da hukunci ke jawo masa nesa.

B. F. Skinner na Jami'ar Harvard shi ya ɗauki wannan ya yi masa ƙwaƙƙwaran awo. Ya ƙera akwati mai ɗan ƙarfe a ciki, in ɓera ya danna sai ƙwayar abinci ta faɗo. Ga tantabara kuma ya sa wani ɗan faifai da za ta sara da baki. Littafinsa na fari a kan wannan ya fito a 1938. Abu uku na ke so mu ɗauka daga wurinsa.

Na fari, lada ba ya son jinkiri. In tantabara ta yi abin da a ke so, aka daɗe kafin a ba ta tsaba, to kafin nan ta riga ta yi wani abu dabam, shi ne kuwa tsabar za ta ƙarfafa. A watan Nuwamba 1953 Skinner ya ziyarci ajin 'yarsa ana darasin lissafi. Ya ga waɗansu yara sun gama suna zaune a banza, waɗansu suna ta fama, kuma duka sai an karɓi takardunsu an tafi da su, ba za su san ko sun yi daidai ba sai wata rana. Abin ya dame shi har ya koma ya ƙera wata na'urar koyarwa wadda ke gaya wa yaro nan take ko amsarsa daidai ce. Mu ba mu da na'urarsa, amma ƙorafinsa ya same mu. Littafin da aka karɓa ran Litinin aka mayar ran Jumma'a da jan biro, yaro ya riga ya manta tunanin da ya kai shi ga wannan amsa. Gwamma a ba da lissafi biyar a zaga ana dubawa a kan benci, da a ba da ashirin a tafi da su gida.

Na biyu, ba a jira sai aiki ya cika kafin a saka. In Skinner yana so tantabara ta yi juyi sosai, ba ya zama jiran ranar da za ta yi shi da kanta. Da ta ɗan karkata kai hagun sai tsaba. In wannan ya zauna, sai ya ƙi bayarwa sai ta juya rabin jiki, da haka da haka har ta kewayo. Cikin 'yan mintoci a kan gama. Malamin da ba ya yabon rubutu sai ya yi kyau kamar nasa, 'yan gaban aji biyar kaɗai za su taɓa jin yabonsa. Yaron da jiya baƙaƙensa ke hawa da sauka, yau kuwa sun zauna a kan layi ko da ba su da kyau, ya ɗan karkata kai hagun ke nan, yau ya kamata ya ji an gani.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. Ladan da ke zuwa wani lokaci, wani lokaci ba ya zuwa, ya fi wanda ke zuwa kullum riƙe dabba. Ɓeran da ya saba samun abinci duk dannawa, in aka yanke abincin ya kan daina da wuri. Wanda bai san ran samu ba kuwa sai ya yi ta dannawa ba ji ba gani. Wannan ne ke riƙe mai caca, har da samarin da ke zuba kuɗinsu a cacar ƙwallo ta waya: ci ɗaya ya kan biya wa zuciya faɗuwa ashirin. Haka kuma yaron da ke kukan alewa. In uwa ta hana sau huɗu, ta gaji ta bayar a na biyar, ta koya masa naci ke nan, ta hanyar da ta fi kowace ƙarfi.

A nan sai mu tambayi kanmu, mene ne lada a cikin aji? Skinner ya ce ba a sanin lada da kamanninsa, sai da aikinsa: duk abin da ya biyo bayan wani hali ya sa halin ya ƙaru, shi ne lada. A ajin da ke da yara sittin ko saba'in, abin da ya fi kome tsada shi ne idon malami. Yaron da ya zauna shiru yana aikinsa zai iya yin mako ba a kira sunansa ba. Mai tsalle a kan benci kuwa a kan kira nasa sau goma kafin tara, 'yan aji su yi dariya, malami ya bar allo ya taho wurinsa. Malami yana ganin tsawa ya ke yi. Amma in tsallen yana ƙaruwa, to tsawar nan biya ce.

Hukunci fa? Skinner ya sa ƙarfen akwatinsa ya riƙa marin ƙafar ɓera in ya danna. Ɓerayen suka rage dannawa, amma da aka daina marin sai suka koma, har a ƙarshe jimlar dannawarsu ta kamo ta waɗanda ba a mara ba. Gaskiya ne masu bincike na baya sun nuna hukunci mai tsanani yana iya hana aiki da daɗewa. Amma ko ya hana, ba ya nuna abin da za a yi a maimakonsa. Bulala ba ta san bakwai sau takwas ba. Kuma duk abin da ya kuɓutar da yaro daga gare ta ya zama abin da aka saka masa a kai. In kwafar aikin maƙwabci ta cece shi yau, gobe zai kwafa. In ƙarya ce ta cece shi, ko ɓuya a bayan makaranta har a gama darasin, to su ya koya.

Wata masaniya, Elizabeth Hurlock, ta auna yabo da faɗa a aji na sosai a 1925. Ta raba yara kashi huɗu, suna yin lissafin tarawa kowace rana. Kashi ɗaya a kan kira sunayensu a yabe su a gaban aji. Kashi na biyu a kan kira su a yi musu faɗa saboda kurakurai. Na uku suna zaune suna ji, ba a ce musu kome. Na huɗu suna wani ɗaki dabam. Da fari waɗanda aka yi wa faɗa sun yunƙura kamar waɗanda aka yaba, amma daga nan suka soma komawa baya, 'yan yabo kuwa suka yi ta ci gaba har ranar ƙarshe. Waɗanda aka ƙyale ba su yi wani abin kirki ba. Ina tsammani wannan yunƙuri na rana ɗaya shi ke ruɗin malamai da yawa, gama suna ganin amfanin faɗa da idonsu a ranar, ba sa kuwa ganin abin da ya biyo baya.

Kada wani ya ce, to shi ke nan, sai mu cika aljihu da alewa da fensir. Lada ma yana da nasa tarko, kuma tarkon iri ɗaya ne da na bulala. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka je makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford, suka zaɓi yara 'yan shekara 3 zuwa 5 waɗanda aka ga suna son zane da alƙaluma masu launi don kansu. Aka raba su uku. Kashi na fari aka nuna musu wata takardar yabo mai tauraron zinariya da jan ƙyalle, aka ce in sun yi zane za a ba su. Kashi na biyu suka yi zane, sa'an nan aka ba su takardar ba zato. Na uku ba a ba su kome ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman a aji, kowa ya yi wasan da ya ga dama, masu binciken suna leƙe ta wani madubi. Yaran da aka yi wa alkawari suka ɓata wajen rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane. Har zanen da suka yi don neman takardar ma, masu dubawa sun ce bai kai na sauran kyau ba. Waɗanda kyauta ta zo musu ba zato kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba.

Ku duba abin da ya faru. Takardar ba ta da laifi, tun da kashi na biyu ma sun samu. Cinikin ne ya yi ɓarna. Da yaron yana zane don zane yana da daɗi, sai aka koya masa cewa zane abu ne da a ke yi don a biya, ran da babu biya kuwa babu dalilin yi. Masana sun yi gardama mai zafi a kan iyakar wannan, har a 1999 Edward Deci da abokansa suka tattara gwaji 128 suka auna. Suka ga kyautar hannu da aka yi alkawarinta tun kafin aiki ta kan rage sha'awar aikin da mutum ya riga ya ke so, amma yabon baki ba ya yin haka. A lura da wannan: aikin da ya riga ya ke so. Yaron da ko kusa ba ya taɓa littafi babu sha'awar da za a kashe masa, ɗan lada yana iya sa shi ya fara, sa'an nan a janye a hankali in karatun ya soma yi masa daɗi. Amma yarinyar da ke karanta kowace takarda da ta tsinta, a ba ta wani littafin, kada a sa mata farashi.

Yabon ma a kan me ya sauka? A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka ba 'yan aji biyar waɗansu matsaloli masu sauƙi. Waɗansu aka yabi basirarsu, waɗansu aka yabi ƙoƙarinsu. Da aka kawo masu wuya kowa ya faɗi, waɗanda aka ce suna da basira suka fi saurin karaya, suka fi yin ƙarya a kan makinsu. Waɗansu da suka sake gwajin daga baya ba su sami bambanci mai girma haka ba, amma ni dai na fi son in ce wa yaro, "Na ga ka sake duba layin nan ka gyara da kanka," da in ce masa, "Kai gwani ne." Ta farkon ta nuna masa abin da zai sake yi gobe. Tafin da mu ke sa aji su yi ma haka ne. In kullum mai saurin ɗaga hannu a ke tafa wa, sauri mu ke saya, mai tunani a hankali kuwa ya koyi yin shiru.

Mu kanmu malamai ba mu fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba. A 1862 gwamnatin Ingila, bisa shawarar Robert Lowe, ta ɗaura kuɗin taimakon makarantu a kan yawan zuwan yara da yawan waɗanda suka ci jarrabawar sufeto a karatu da rubutu da lissafi. Malamai suka koma sa yara haddar littafin karatu, har yaro ya iya rera shafi ba tare da ya san abin da ke ciki ba, sauran darussa kuwa aka yi watsi da su. An yi shekara talatin da wani abu kafin a rabu da tsarin. Duk makarantar da a ke auna malami da yawan waɗanda suka ci jarrabawa kaɗai, ta san irin wannan.

Saura tambaya ɗaya: yaron da tsoro ya riga ya shige shi, yaya za a yi da shi? A 1924, a New York, Mary Cover Jones ta sami wani yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara 3, mai tsananin tsoron zomo. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ɗora masa zomon a cinya ba. Ta kan zaunar da shi yana cin abincin da ya ke so, a kawo zomo cikin keji a ajiye can nesa, inda zai gani amma ba zai fasa ci ba. Kowace rana a matso da shi kaɗan. Wani lokaci kuma ta kan kawo yaran da ba sa tsoro su yi wasa da zomon yana kallo. An sha komawa baya, amma a ƙarshe Peter ya riƙa shafa zomon, har ya bar shi yana ɗan gatsar yatsunsa.

Ga mai tsoron lissafi, nesa ita ce inda babu allo, babu tsayuwa, babu idon 'yan aji. A zauna kusa da ita a kan benci da 'yan duwatsu ko murafun kwalba, a tambaye ta canjin wanda ya sayi gyaɗar naira 150 ya ba da 500. In ta faɗa, a rubuta abin da ta faɗa da lambobi a littafinta, a nuna mata ita ta yi. Bayan kwana kaɗan ta rubuta da kanta. Sa'an nan ita da ƙawarta su biyu su je allo lokacin tara, aji ba kowa. Kiran sunanta a gaban aji shi ne na ƙarshe, kuma ran da za a yi shi a fara da tambayar da aka tabbata ta sani. Gwajin koyarwa 'yan makonni ne, mai yiwuwa ba za a kai matakin ƙarshe ba kafin a komo kwaleji, saboda haka ya kamata a gaya wa malamin ajin inda aka tsaya.